Bayan Abacada: Karatun Manya a Fagen Falsafa, Adabi, Tattalin Arziki da Fasaha

Duk inda aka ambaci ilimin manya a ƙasar Hausa, abin da ke fara zuwa ran mutane shi ne ajin yamma a wata firamare, dattawa sun matsu a kan bencin yara suna bin malami abacada. In ba wannan ba, to cibiyar da ake koya wa mata ɗinki da haɗa sabulu. Duka biyun ilimin manya ne, kuma babu mai hankalin da zai raina amfaninsu. Sai dai akwai kashi na uku da ba a cika sa shi cikin lissafi ba: baligi mai sana'a da iyali, wanda ya riga ya iya karatu, ya ware dare ɗaya a mako don nazarin falsafa, ko adabi, ko tattalin arziki, ko zane da kiɗa, alhali babu wani ƙarin girma da ke jiransa a wurin aiki. Mutane da yawa na kallon wannan a matsayin shagalin waɗanda suka ƙoshi. Tarihin abin bai goyi bayansu ba, domin a ƙasashen da ya yi ƙarfi, masaƙa da manoma da masu haƙar kwal ne suka riƙe shi.

Abubuwan da ake cakuɗawa

Yaƙi da jahilci shi ne koya wa baligi karatu da rubutu da lissafi. Sunan ya bazu ne daga gangamin da gwamnatin Jihar Arewa ta yi a shekarun 1950, kuma tun a lokacin bai yi wa kowa adalci ba, tunda da yawa daga cikin waɗanda aka tara a azuzuwan suna karanta Larabci da ajami, boko ne kawai ba su iya ba. Koyon sana'a kuwa manufarsa abin sakawa a bakin salati. Kashi na uku, wanda za mu kira karatun faɗaɗa tunani, ba ya nufin takardar shaida, ba a tilasta wa kowa shigarsa, kuma abin da ake nema a cikinsa shi ne mutum ya iya auna magana, ya fahimci duniyar da yake ciki, ya kuma iya bayyana ra'ayinsa da hujja.

Falsafa kalma ce da muka aro daga Larabci, su kuma Larabawa suka aro daga Girkanci, ma'anarta son hikima. Aikinta bin diddigin manyan tambayoyi da hankali: mene ne adalci, ta yaya mutum zai tabbatar cewa abin da ya sani gaskiya ne, me ke sa aiki ya zama mai kyau ko mummuna. Mantiƙi, wato ilimin gane ingantacciyar hujja daga gurɓatacciya, reshe ne nata. Adabi ya ƙunshi waƙa da zube da wasan kwaikwayo, na baka da rubutacce, kuma nazarinsa ya wuce jin daɗin labari, ya kai ga tambayar yadda aka gina shi da abin da yake faɗa game da mutanen da suka samar da shi. Fasaha a nan ana nufin zane, sassaƙa, kiɗa, gini da makamantansu, ba fasahar injina da kwamfuta ba.

Tattalin arziki shi ne aka fi yi wa gurguwar fahimta. Ba koyon kasuwanci ba ne. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ya fi kowane farfesa sanin inda riba take a dilar atamfa. Amma dalilin da ya sa kuɗin dilar ya yi tashin gwauron zabo bayan an cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni, wannan wani ilimi ne daban, mai bayanin yadda farashi da haraji da bashi da albashi ke jan juna a ƙasa baki ɗaya.

Daga Danmak zuwa masaƙun Ingila

Tsarin zamani na wannan karatu ya fara bayyana sosai a Danmak. Wani limamin coci kuma mawaƙi, N. F. S. Grundtvig, ya soki makarantun zamaninsa da cewa hadda ce ta Latin da ba ta taɓa rayuwar talaka. Ya nemi a kafa makarantun da samarin ƙauye za su zauna na 'yan watanni suna sauraron tarihi da adabi da waƙa cikin harshensu, ba jarrabawa, ba takardar shaida. An buɗe ta farko a Rødding a 1844, Christen Kold ya buɗe tasa a 1851, kuma bayan Danmak ta sha kashi a yaƙin 1864 sai makarantun suka yawaita. Maza kan zo da hunturu lokacin da babu aikin gona, mata kuma da bazara. A Suwidin, Oscar Olsson ya fara abin da ake kira da'irar nazari a 1902: mutane kaɗan su haɗu a gida ko ɗakin taro, su sayi littattafai, su karanta, su tattauna, ɗaya daga cikinsu ya jagoranta.

Amma misalin da ya fi dacewa a tsaya a kansa shi ne na Ingila, domin daga can ne tsarin ya iso Afirka ta Yamma. A 1903 wani akawu mai suna Albert Mansbridge, wanda ya bar makaranta yana ɗan shekara 14, shi da matarsa Frances suka kafa ƙungiyar ilimin 'yan ƙwadago da aka fi sani da WEA. Kafin su, jami'o'i kan aika malamai garuruwa su yi lacca ga jama'a, a cika ɗaki, a tafa, a watse. Mansbridge ya ga cewa wannan ba ya barin komai a kan mutum. Shi ya sa aka ɓullo da wani tsari mai tsauri. Ɗalibai kimanin talatin za su yi alkawarin zama na shekara uku. Kowace shekara za a haɗu sau 24, kowane zama awa biyu: awa ta farko malami ya yi bayani, awa ta biyu ɗalibai su yi masa tambayoyi, su yi gardama da shi da junansu. Kowa kuma zai riƙa rubuta maƙala a kai a kai, malami ya duba ya gyara. A ƙarshe ba jarrabawa, ba satifiket.

An fara azuzuwa biyu na farko a watan Janairu na 1908, ɗaya a Longton, garin masu yin tangaran, ɗaya a Rochdale, garin masaƙu. Malaminsu wani matashi ne, R. H. Tawney, wanda ke shiga jirgin ƙasa kowane mako ya koyar a Longton ranar Juma'a da dare, ya wuce Rochdale ranar Asabar. Darasin kuwa tarihin tattalin arzikin Ingila ne. Mutanen da ke gabansa sun wuni a tsaye gaban inji, wasu ma sun ɗanɗana zaman rashin aiki, saboda haka idan littafi ya ce albashi na tashi da sauka bisa wata ƙa'ida, akwai wanda zai ɗaga hannu ya ce a masaƙarsu ba haka abin ya faru ba. Tawney, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan masana tarihin ƙasarsa, bai ɓoye cewa ya ƙaru da waɗannan ɗalibai ba. Da wani malamin Oxford, A. L. Smith, ya duba maƙalun irin waɗannan azuzuwa, ya yanke hukuncin cewa wasunsu sun kai matsayin aikin ɗaliban da ke fita da daraja ta ɗaya.

Wannan awa ta biyu ita ce zuciyar tsarin. Ita ce ta bambanta shi da wa'azi, da lacca, da shirin rediyo. Kuma amfaninta bai tsaya kan ɗalibai ba. Richard Hoggart da Raymond Williams da E. P. Thompson, waɗanda littattafansu na 1957 da 1958 da 1963 suka sauya yadda ake nazarin al'adu da tarihin talakawa, dukkansu malaman ajin dare ne lokacin da suka rubuta su.

A ɓangaren fasaha, labarin Ashington ya isa misali. A 1934 wasu masu haƙar kwal a wannan gari na arewacin Ingila suka nemi a turo musu malamin da zai koya musu yadda ake kallon zane. Robert Lyon ya zo da hotunan manyan zane-zanen Turai yana haska musu a bango, ya lura abin ba ya shigarsu. Sai ya ce kowa ya je ya zana da hannunsa, a kawo a tattauna. Suka riƙa zana ramin kwal, da dawakan da ke jan kaya a ƙarƙashin ƙasa, da matansu a bakin murhu. Ƙungiyar ta yi kusan shekara hamsin tana haɗuwa, kuma ayyukanta na nan a ajiye a gidan tarihi na Woodhorn.

Abin da ya iso nan, da abin da ya tarar

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sashen Jami'ar Oxford mai kula da karatun wajen jami'a, ƙarƙashin Thomas Hodgkin, ya fara aiko da malamai Gana da Nijeriya. Da aka kafa Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, shekara guda bayan nan ta buɗe nata sashen, wanda Robert Gardiner, mutumin Gana, ya fara shugabanta. Akawuna da malaman makaranta da ma'aikatan jirgin ƙasa suka riƙa zama da yamma suna nazarin tsarin mulki da tattalin arziki da adabi. Daga wannan sashe ne Ulli Beier ya fito da mujallar Black Orpheus a 1957, kuma daga ayyukansa da Duro Ladipo a Osogbo aka sami masu zane irin su Twins Seven Seven da Jimoh Buraimoh, waɗanda ba su bi ta makarantar koyon zane ba.

A Arewa abin ya ɗauki wata kama. A farkon shekarun 1940 an yi Majalisar Taɗi ta Bauci, inda Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa da wasu ke zama da jami'an mulkin mallaka ana muhawara. Da yardar hukuma aka fara ta, amma da taɗin ya kai ga tsarin mulkin ƙasa ta hannun sarakuna, bai daɗe ba aka kawo ƙarshenta. Wanda ya dubi inda waɗannan mutane uku suka dosa daga baya zai gane dalilin da ya sa masu mulki, a ko'ina, ba su cika sakin jiki da taron manya masu karatu da tambaya ba.

Gangamin yaƙi da jahilci shi ma bai tsaya kan abacada kaɗai ba a farkonsa. Waɗanda suka tsara shi sun san cewa wanda ya koyi karatu bai sami abin karantawa ba zai manta. Shi ya sa hukumar NORLA da ke Zariya ta riƙa buga ƙananan littattafai masu araha da jaridun larduna irin su Sodangi a Kano, Himma a Katsina da Zaruma a Sakkwato, ga kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo da ke fitowa tun 1939. An rufe NORLA a 1959.

Sai dai kuskure ne babba a ɗauka cewa Turawa ne suka kawo wa Hausawa karatun manya irin wannan. Makarantar ilimi, wato karatun zaure, ta girme shi nesa ba kusa ba. Bayan sallar asuba ko tsakanin magariba da isha, tela da mahauci da ɗan kasuwa kan ɗauki littafi su je gaban malam, kowa ya karanta nasa, malam ya fassara, sauran suna saurare. Babu rajista, babu jarrabawa, babu ranar gamawa, mai furfura na zaune kusa da saurayi. Idan aka dubi abin da ake karantawa kuwa, ba ibada kaɗai ba ce. Maƙamatul Hariri da waƙoƙin Larabawan kafin Musulunci adabi ne tsantsa. Balaga nazarin salon magana ce. Babin ciniki da riba da ƙiradi da rabon gado a Risala da Muhtasar magana ce ta dukiya da yadda take yawo tsakanin mutane. Ana karanta mantiƙi, kuma a daular Sakkwato an yi Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu, wanda ya yi rubuce-rubuce a fagen falsafa. A ɓangaren mata, Nana Asma'u ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajoji, wato mata masu jagorantar karatun, ke zuwa daga ƙauyuka su karɓi karatu cikin waƙa su koma su koyar da 'yan uwansu.

Abin da zaure yake da shi, wanda ajin Tawney ma zai yi sha'awa, shi ne juriya: mutum ya shekara ashirin yana zuwa ba don kowa ya biya shi ba. Abin da ya yi ƙaranci a cikinsa shi ne gardama da rubutu. Ladabin ɗalibi ga malami, wanda abu ne mai kyau, yakan hana a ce wa malam ba a gamsu ba, kuma ba al'ada ba ce ɗalibi ya rubuta nasa ra'ayin a duba masa.

Inda ra'ayoyi suka rabu

Suka ta farko ita ce ta ciki. Masu wannan ra'ayi na cewa a ƙasar da miliyoyin manya ba su iya karanta takardar asibiti ba, kuma matasa ke yawo ba aikin yi, kashe kuɗin gwamnati kan ajin falsafa almubazzaranci ne. Wannan ra'ayi ya sami ƙarfi a duniya bayan taron ministocin ilimi da aka yi a Tehran a 1965, inda aka karkata ga haɗa koyon karatu da aikin da mutum ke yi, kamar noma ko masana'anta. Maganar tana da nauyi, kuma duk mai kasafta kuɗi kaɗan dole ya fara da mafi gaggawa.

Amsar da aka fi ba su ta fito ne daga wani ɗan jaridar Amurka, Earl Shorris. Yana binciken talauci sai wata fursuna a gidan yarin mata ta gaya masa cewa abin da talaka ya rasa shi ne hanyar shiga duniyar tunani da masu hali ke ciki. A 1995 ya buɗe aji a birnin New York don marasa galihu, ana koyar da falsafa da adabi da tarihi da tarihin zane da mantiƙi, kyauta, har da kuɗin mota da littattafai da mai kula da yara. Hujjarsa ita ce, mai kuɗi na tura ɗansa ya koyi yadda ake tunani da jayayya, a bar wa talaka horon yadda zai yi biyayya a wurin aiki. Julius Nyerere, wanda ya ayyana 1970 a matsayin shekarar ilimin manya a Tanzaniya, shi ma ya tsaya kan cewa ƙasa ba za ta jira yara su girma ba, manyan da ke yanke shawara yau su ne ke buƙatar fahimta yau. A ganin mai wannan sharhi, an fi zuzuta wannan saɓani fiye da yadda yake. Ajin tattaunawa na mutum ashirin ba ya cin kuɗin da cibiyar koyon walda ke ci, kuma ba mutanen da ke ajin abacada yake nema ba, waɗanda suka fito daga cikinsa yake nema.

Suka ta biyu ta fi zurfi: wa ke zaɓen abin da za a karanta? Tun a Ingila an yi wannan rigima. A 1909 ɗaliban Kwalejin Ruskin da ke Oxford, wadda aka kafa don 'yan ƙwadago, suka yi yajin karatu, wasunsu suka ɓalle suka kafa tasu kwalejin. Zarginsu shi ne jami'a na koya wa ma'aikaci tattalin arzikin masu jari don ta sanyaya masa jiki, su kuwa tattalin arzikin Karl Marx suke so. Mutanen WEA suka ce aikin aji shi ne a baje dukkan ra'ayoyi, ɗalibi ya zaɓa. Paulo Freire na Burazil ya zo daga baya da tasa sukar, cewa duk karatun da malami ke zuba wa ɗalibi kamar ana ajiya a banki, ko da abin da ake zubawar mai kyau ne, yana koya masa miƙa wuya. A Afirka tambayar ta ƙara kaifi, domin manhajar farko ta Turai ce kusan gaba ɗaya. Hodgkin kansa ya gane haka, kuma littafin da ya tattara a 1960 kan tarihin Nijeriya ya sa fassarar rubuce-rubucen malaman Sakkwato da Barno a gaban masu karatun boko.

Suka ta uku ta shafi addini, kuma ita ce aka fi ji a ƙasar Hausa idan aka ambaci falsafa. Akwai masu ganin ƙofa ce ta shakka. Wannan damuwa tsohuwa ce a tarihin Musulunci. Imam Ghazali ya yi raddi mai zafi ga wasu matsayin masana falsafa a kan al'amuran Ubangiji, Ibn Rushd kuma ya mayar masa da martani. Abin da ake yawan mantawa shi ne Ghazali bai yi watsi da mantiƙi ba, ya ma ɗauke shi a matsayin abin da mai nazarin usulu ke buƙata. Har yau malamai ba su haɗu a kan matsaya ɗaya ba, kuma ba aikin wannan sharhi ba ne ya raba gardamar. Abin da za a iya faɗa shi ne, wanda ya ce falsafa baƙuwa ce a nan bai duba tarihin garinsu da kyau ba. Irin wannan taka-tsantsan ya shafi zanen mai rai da kiɗa, ko da yake zayyanar Alƙur'ani, da aikin allon zayyana, da adon gine-ginen Kano da Zariya da Damagaram, da ɗinkin babbar riga, fagage ne masu faɗi da babu jayayya a kansu.

Akwai kuma masu cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Binciken da Edward Thorndike ya wallafa a 1928 ya nuna cewa manya na iya koyo sosai, kuma nazarin da ya biyo baya ya nuna cewa ko da saurin kama sabon abu na raguwa da shekaru, tarin sani da yalwar kalmomi kan daɗe ba su ragu ba. A waɗannan fannoni huɗu ma shekaru riba ce. Aristotle na ganin cewa matashi bai dace da darasin siyasa da ɗabi'a ba saboda bai ga rayuwa ba tukuna. Wanda ya taɓa rabon gado da 'yan uwa ba sai an yi masa dogon bayani kan wahalar ma'anar adalci ba. Ɗan Nijar da ya ga yadda aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994 ya shigo aji da rabin darasin a kansa. Hausawa dai sun riga sun yanke hukunci da suka ce gemu ba ya hana ilimi.

Abin da ya raunana shi

A Ingila, dokar ilimi ta 1992 ta karkatar da kuɗin gwamnati zuwa kwasa-kwasan da ke kai wa ga takardar shaida, sauran kuma aka bar su a matsayin nishaɗin da mai so zai biya da kansa. Jami'o'i da dama sun rufe sassan karatun wajensu a shekarun da suka biyo baya. Abin da ya bunƙasa a madadinsu shi ne irin jami'ar tsofaffi da Pierre Vellas ya fara a Toulouse ta Faransa a 1973, wadda ta isa Ingila a 1982 da tsarin 'yan fansho su koyar da junansu. Tana da amfani, amma ma'aikacin da ke tsakiyar ƙarfinsa, wanda dominsa aka fara abin, ba ya cikinta.

A Nijeriya takardar shaida ce ta cinye shi. Da satifiket ya zama mabuɗin aikin gwamnati, azuzuwan wajen jami'a suka rikiɗe suka koma wuraren share fagen jarrabawa. Hukumar ilimin manya da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a Kano a 1980 ta yi aikin da ake yabawa, kuma marubuciya Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta hanyar karatun manya ta dawo fagen ilimi. Amma aikin irin waɗannan hukumomi, har da ta tarayya da aka kafa a farkon shekarun 1990, ya fi karkata ga matakin farko. Matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan 1986 ya sa littafi ya yi tsada, ɗakunan karatu suka tsufa. Buɗaɗɗiyar jami'a ta ƙasa ta buɗe wa ma'aikata ƙofa, sai dai digiri ake zuwa nema a can.

Abin da ake iya tsammani

Ya kamata a yi hattara da alkawuran da masu son wannan karatu ke yi. Ana yawan danganta bunƙasar ƙungiyoyin gama kai na manoman Danmak, waɗanda suka fara da kamfanin madara na Hjedding a 1882, da makarantun Grundtvig, kuma ana nuna yawan kansiloli da shugabannin ƙwadago da 'yan majalisar da suka fito daga azuzuwan WEA. Akwai gaskiya a ciki, amma mai zuwa ajin dare na shekara uku bayan ya wuni yana aiki dama can mutum ne mai himma, ba a iya rabe abin da aji ya ba shi da abin da ya zo da shi. Karatun falsafa bai hana kowa son zuciya ba, kuma sanin tattalin arziki bai taɓa sauke farashin masara ba.

Abin da ya fi kusa da tabbas ƙarami ne, amma ba abin rainawa ba. Wanda ya saba tambayar daga ina riba ke fitowa zai yi wuyar faɗawa tarkon irin MMM, wanda ya cinye kuɗin ɗimbin 'yan Nijeriya a 2016. Wanda ya saba rarrabe hujja da zagi zai saurari ɗan takara da wani kunne daban. Wanda aka taɓa duba masa rubutu aka nuna masa inda maganarsa ta warware zai ɗan yi jinkiri kafin ya tura abin da ya gani a WhatsApp.

Masu sha'awa kuwa ba su yi ƙaranci ba. Adabin kasuwar Kano ya tara ɗimbin masu karatu tun daga shekarun 1980, galibinsu mata, kuma gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna yawan masu rubutun da ba a san da su ba. Kowace majalisar unguwa da teburin mai shayi na tafka muhawara kan dala da tallafi. Laccoci sun cika YouTube da Facebook da gidajen rediyo. Wato awa ta farko ta samu har ta yi yawa. Ta biyun ce babu: mutane kaɗan da suka san juna, littafi guda a gabansu, jagoran da ya san fannin kuma yake jure a musa masa, da alkawarin dawowa mako mai zuwa da abin da aka rubuta.

Cikas mafi girma shi ne littafin. A fagen adabi Hausa na da abin da za a shekara ana nazari, daga Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja zuwa waƙoƙin Aƙilu Aliyu da Mu'azu Haɗeja da na Narambaɗa da Shata. A falsafa da tattalin arziki kuwa, littafin Hausa da aka rubuta don baligi mai hankali wanda bai yi jami'a ba yana da wuyar samu, kuma malamin jami'ar da zai iya rubuta shi ya san cewa maƙalar Turanci a mujallar masana ita ce za ta ɗaga shi zuwa farfesa. A Suwidin gwamnati na ba ƙungiyoyin nazari tallafi, ta bar wa mahalarta zaɓen abin da za su karanta. Ko da wata jiha a Arewa ta ɗauki wannan tsari gobe, da'irar da ta zaɓi tattalin arziki za ta fara ne da jagora yana fassara littafin Turanci da baki, shafi bayan shafi, kamar yadda malamin zaure ke yi da na Larabci.